Tokar Itacen da Gara Ta Ƙi

Duk wanda ya tashi a lungunan Birni, nan Damagaram, ya san Ya Kellu mai toka. Ko bai san fuskarta ba, ya sha aikinta a miyar gidansu. Babarbariya ce ta wajen uba, kakanninta fatake ne da suka taso daga Borno suka ga wuri suka zauna. Ita dai ba ta gaji fatauci ba. Abin da ta gada wajen uwarta tukunya ce mai huda a gindi, da wata ƙa'ida guda da aka dasa mata tun tana yarinya: mace mai hankali ba ta zubar da toka.

Sana'ar ba ta da wani asiri. Bayan kaka amalanke kan kawo mata karan gero daga Gaffati, ta ƙona, ta kwashe tokar ta zuba a tukunyar nan da ta shimfiɗa wa tsumma, ta kwarara ruwa a kai. Ruwan ya yi ta tarara cikin ƙwaryar da ke ƙasa, ja kamar shayi. Wani ta sayar da shi a kwalba, wani ta dafa har ya daskare ta cura. Da shi ake kashe tsamin yakuwa, da shi kuɓewa ke yauƙi, da shi wake ke nuna da wuri. In akwai asiri, to a harshenta yake. Takan ɗiga a yatsa, ta taɓa a harshe, ta tofar, sannan ta gaya miki ko tokar ta yi ko da saura.

Mijinta Lawali kafinta ne, siririn mutum mai surutun tsiya, wanda haƙoransa suka yi masa sallama tun da sauran ƙarfinsa. Sun haihu da yawa, Allah ya bar musu ɗiya ɗaya, Zuliha, ita ma aure ya kai ta Agadas. Gidan ya rage su biyu, suna faɗa da safe su shirya kafin azahar. Abu biyu Lawali ya sa a gaba a duniya. Na farko kunun gero da matarsa ke dama masa da ɗan ruwan toka, wanda yake rantsuwa babu irinsa daga nan har Kano, ko da yake bai taɓa zuwa Kanon ba. Na biyu gabarsa da gara. Ya kafa ƙofa, gara ta cinye, mai ƙofa ya zo ya zage shi kamar shi ya aiko ta.

Shekarar da aka tuge tsofaffin turakun wayar kuran, wato lantarki, na itace aka kafa na siminti, wani ɗan kwangila ya jibge su a fili yana sayarwa. Lawali ya je ya ƙwanƙwasa ɗaya, ya kankare da wuƙa, ya ga cikinsa kore-kore, kuma duk daɗewar da ya yi a ƙasa babu ramin gara ko ɗaya. Ya dawo gida yana rawar jiki kamar wanda aka yi wa albishir da Makka.

"Kellu, yau na samo maganin maƙiyiyata. Poto ne, turken wayar Nasara. Gara ta ɗanɗana ta bar shi."

"To Malam, Allah ya sa alheri," in ji ta, ba ta ko ɗago kai daga tankaɗe ba.

Abin da ba su sani ba, ni zan faɗa muku tun yanzu, don kada ku zauna cikin duhu kamar yadda aka bar su. Itacen nan ba haka Allah ya halicce shi ba. A can inda aka sarrafa shi, an sa shi cikin wata babbar tukunyar ƙarfe an matsa masa ruwan magani har cikin ɓargo. Ruwan kuwa haɗi ne na asid ɗin arsenik da tagulla da wani ma'adinin da ke riƙe su a jikin itace. Tagullar ce ke ba shi koren nan, arsenik kuma shi ke kashe duk ƙwaron da ya kai baki. Muddin itacen yana tsaye, dafin yana ɗaure a cikinsa. Amma wuta ba ta cin arsenik. Kaɗan ya bi hayaƙi, sauran ya zauna a toka, sai dafin gungume guda ya tattaru a abin da bai wuce tafin hannu ba. Waɗanda suka zuba maganin sun san haka sarai. Tsakaninsu da murhun Ya Kellu kuwa, an rasa mutum ɗaya da zai buɗe baki ya ce kada a ƙona. Wannan abu har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Lawali ya yi ta fasa turakun yana ƙofofi da rumfuna, ciniki ya buɗe. Guntaye suka taru tsibi a tsakar gida. Itacen girki kuwa ya yi tsada, kara ma ya yi wuya don masu dabbobi sun rigaye kowa. Wace mace ce za ta ga busasshen itace a gabanta ta tafi nema a kasuwa? Kellu ta fara cusa guntayen a murhu. Hayaƙin ya sa ta tari da ciwon kai, ta ce sanyi ne. Da ta kwashe tokar, ta ga ta yi wani kore-kore, kuma ba ta da yawa. Ta tace ta yadda ta saba, ta taɓa a harshe, ta ji wani ɗanɗanon gishiri-gishiri da ba ta taɓa ji a tokar kara ba.

Ta yanke hukunci irin na gwanaye, ta ce wannan toka ta fi kowace ƙarfi. Kuma da yake kaɗan ce, ba ta kai ta sayarwa ba. Masu saye ta ci gaba da ba su ta kara, wannan kuwa ta ɗura a kwalba ta ɓoye bayan randa. Mai kyau ta maigida ce. Haka ta ga uwarta na yi, haka ita ma ta yi tun ranar da aka kawo ta gidan.

Ita kanta ba ta sha. Tun shekarun baya lokotoro, likitan asibiti, ya ce tana da tansiyo, wato hawan jini, ya hana ta gishiri da kanwa da toka, don haka tukunya biyu take ɗorawa, tata salam, tasa da haɗi. Lawali ya kurɓi kunun farko ya lumshe ido.

"Yau kam kin fi kullum. Me kika ƙara?"

"Sha dai, Malam. Tambaya ba ta cikin aikinka."

Ciwon ya shigo a hankali. Da fari murɗar ciki da amai, sai gudawa da ke zuwa ta tafi. Daga baya ya ce tafin ƙafarsa na yi masa kamar tururuwa na yawo a ciki. Fatarsa ta yi duhu da ɗigo-ɗigo, tafin hannunsa ya yi kanta, wasu fararen layuka suka gitta farcensa. Mutumin da ke hawa rumfa da guduma a baki ya koma ba ya iya riƙe ƙusa. Aka kai shi asibiti, aka ce gyambon ciki, aka ba shi ƙwayoyi. Aka karɓo rubutu, aka yi turare. Kellu ta sayar da tasoshin aurenta ba ta gaya wa kowa ba.

Ga kuma inda abin ya fi ciwo. Kowace tsohuwa a Birni ta san in ciki na murɗa, ɗan ruwan toka a kunu yana kwantar da shi. Don haka duk ranar da Lawali ya kwana yana juyi, da safe sai Kellu ta jawo kwalbar bayan randa ta ƙara masa fiye da na jiya. Tuwo ya gagare shi, fura ta gagare shi, ya rage kunun nan kaɗai ke shiga. Takan tallafo kansa ta ɗora a cinyarta, tana ba shi da ludayi tana lallashi kamar yaro, shi kuma yana sa mata albarka.

Yayarsa Hafsatu, wadda ke zaune a wata unguwa, ta zo dubiya ta zauna tana kallon murhu. Ba tun yau ba jininsu bai haɗu da Kellu ba.

"Ni kam ina da tambaya," in ji Hafsatu. "Gida ɗaya, miji na bushewa, mata na nan garau. Tukunya biyu kuma. Don me ba kya cin abin da kike ba ƙanena?"

"Yaya, tansiyo gare ni, kowa ya sani."

"Kowa ya san abin da kika gaya masa dai."

Kellu ta ɗauki ludayi ta cika da kunun Lawali ta shanye a gabanta, hawaye na zuba. Da yamma cikinta ya murɗa har ta yi amai, ta ce baƙin ciki ne ya taso mata da ciwonta. Maganar Hafsatu kuwa ta riga ta fita lungu, wasu masu sayen toka suka fara aika yaransu wani gidan.

Da jikin ya yi tsanani aka kwantar da shi asibiti, fitsari ya ɗauke, ƙafafu suka kumbura. Kellu na can tana jinya, kullum ta dawo gida ta dama kunu ta koma da shi cikin kwano. Wata rana ta fita a gaggauce ta bar ƙofa a buɗe, awakin maƙwabcinsu Isma'ila suka shiga. Akwai daron da ta daɗe tana tara tokar itacen nan da ba ta kai ga tacewa ba. Akuya kuwa in ta ji gishiri ba ta da hankali. Suka lashe iya cikinsu, kafin wayewar gari biyu sun mutu, ta uku na shure-shure.

Isma'ila ya tsorata ko annoba ce, ga Layya ta matso, ya ɗauko likitan dabbobi a kan babur. Mutumin ya buɗe bakin akuya ya ga toka, ya bi sawu har tsakar gidan Lawali. Ya tsaya kan tsibin guntayen, ya ɗauki ɗaya ya juya. Mutum ya yi watanni yana narkewa ba wanda ya leƙa murhunsa, amma awaki sun mutu da safe, kafin azahar an gano dalili.

Daidai nan Kellu ta shigo ɗaukar kwano.

"Inna, wannan itacen kuke ƙonawa?" in ji likitan dabbobin. "Guba ce a cikinsa. Tokarsa ko cokali ɗaya ba a so ta shiga cikin mai rai. A haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne, kada yara su taɓa."

Ta dube shi, ta dubi daron.

"Ɗana, in an tace ta fa? In ruwanta aka sa a kunu?"

"Wa ya sha?"

"Maigidana. Tun bara."

Mutumin ya nemi turmi ya zauna. Shi ya kai ta asibiti da kansa, da kwalbar a hannu, ya yi wa lokotoro bayani da Faransanci. Lokotoro ya je ya duba farcen Lawali, ya dawo ya kira ta gefe. Ya ce akwai maganin da ke janye irin wannan dafi daga jini, amma ba a nan kusa ba, kuma ko an samo shi ƙodar ta riga ta lalace. Ya ce daga yau kada toka ko kanwa ta kowace iri ta shiga bakinsa, ko ta kara ce, don ƙodar ba za ta ɗauka ba.

Abu ɗaya ta roƙa, ta roƙi lokotoro, ta roƙi Hafsatu wadda ta zo ta tsaya tsuru-tsuru: kada a gaya wa Lawali. Shi ya ɗauko itacen nan a kafaɗarsa yana murna. Ba ta so ya sani.

Washegari da hantsi Lawali ya farfaɗo, ya ce kunu yake so. Ta koma gida ta fasa tukunyar tacewa, ta ari murhun maƙwabta, ta dama masa na gero zalla a sabuwar ƙwarya. Ta tallafo kansa ta kai ludayi. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye da ƙyar.

"Wa ya dama wannan?"

"Ni ce, Malam."

"A'a. Na san hannunki. Kin ba wata ta dama. Ba komai, Kellu. Jinyar ta yi tsawo, kin gaji."

Ta buɗe baki. Maganar na nan a kan harshenta, kalma kaɗan ce, da ta wanke ta. Ta dubi hannayensa da suka fasa itacen, ta mayar da bakinta ta rufe. Ya kau da kai daga ludayin ya juya fuskarsa bango. Bai ƙara ce mata komai ba, sai kalmar shahada da aka ga yana motsa baki da ita, kafin la'asar rai ya yi halinsa.

Ya Kellu na nan da ranta. Ta gama takaba, ta ƙi bin Zuliha Agadas, tana soya gyaɗa a ƙofar gida. Lungu ya wanke ta, Hafsatu ma takan aiko mata da tuwo. Sau ɗaya Zuliha ta tambaye ta don me ba ta faɗa masa gaskiya ba. Ta ce gwamma ya tafi yana ganin ta gaza, da ya tafi ya san da hannunsa ya shigo da ajalinsa gida. Ta faɗi haka da ƙarfin zuciya. Amma akwai ranakun da takan bar gyaɗa ta ƙone a kasko tana kallon wuri ɗaya. Mutumin da ta yi wa hidima tun tana budurwa ya bar duniya yana zaton ta gaji da shi, kuma har yau ba ta san ko daidai ta yi ba.