Kudu, Mai Facin da Kekensa Ke Sacewa

Kafin 'yan ƙungiyar keke ta Sabon Gari su gama miƙa a ajin makarantar da aka ba su masauki, Kudu ya riga ya bi kekunan da famfo. Ya matsa taya, ya ɗiga mai a sarƙa, sannan ya sha kokonsa a tsaye. Haka yake duk shekara in an ɗauki hanyar Minna zuwa Jos. Bana gwiwa ta ce ya isa, ya rataye famfo.

Sai dai akwai tafiyar da har yau take ɗaure mana kai, ta 2008.

Dokar ƙungiya ce, wanda ya saba zuwa masauki a ƙarshe, a ɗora shi a mota a mayar da shi gida. Mai faci kaɗai dokar ba ta hawa, don in an kore shi wa zai yi gyara? A waccan shekarar Irimiya ya biyo mu, bai daɗe da tashi daga shanyewar ɓarin jiki ba. Ya ce wa matarsa Sara da ƙafarsa zai shiga Jos. Tun daga garin Gwada kowa ya ga mota ce rabonsa.

Sai keken Kudu ya fara sacewa. Yau taya ta baya, gobe ta gaba. Kullum Irimiya ya iso yana haki, can sai ga Kudu tiƙis-tiƙis a bayansa. Muka rasa gane kan abin. Mutumin da faci ɗaya nasa ke shekara?

"Baba Kudu, mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi!" in ji Gaiya, shugaban tafiya.

"Keke ne ba kyau," Kudu ya ce, ya ci gaba da cin doyarsa.

Labari ya riga mu dawowa Kasuwar Kure, inda Kudu ke faci. Masu kawo masa gyara suka ragu, wai hannunsa ya mutu.

Mabel, mai dafa mana abinci, ita ce ta rantse ta gan shi a gindin mangwaro yana sace iskar da hannunsa, yana leƙen hanya. Gaiya ya ce ƙarya ne, shi ya ga ƙaya a tayar. Irimiya kuwa ya ce bai san komai ba, sai dai duk sanda ya waiga yana ganin mutum. To, wa za mu gaskata? Ni dai na gaji da tunani.

Abin da ba a musu a kansa shi ne Irimiya ya shiga Jos a kan kekensa, yana kuka kamar yaro.

Kudu, kai ne bango a bayan mai rauni. In ƙaya ce, Allah ya yi wa ƙayar albarka. In kai ne, ka sayar da sunan sana'arka don wani ya cika alkawarinsa, ba ka nemi ko sannu ba. Mun gode, Allah ya ba gwiwa lafiya. Ku matasan da kowa ke son ya zo na ɗaya, a samu mai yarda ya zo ƙarshe.

Ranar walimar sallamar Kudu, Irimiya ya riƙe hannunsa ya ce, "Don Allah, faɗa mini gaskiya."

Kudu ya dube shi. "Ka kai Jos ko ba ka kai ba?"

"Na kai."

"To, keke ne ba kyau."