Dogo Mai Batir da Shanun Manu

Shekara ashirin da ɗaya Dogo ya yi yana cajin batir a wata 'yar rumfa a bakin hanyar Gagarawa. Ruwan batir ya cinye masa gaban riguna, ya bar masa tabo fari-fari a bayan hannu. Jarinsa duka ƙaramin janareta ne mai ba da wuta mai ƙarfin volt sha biyu, daidai batir ɗin ƙananan motoci da na Keke Napep.

Wata Alhamis da hantsi yana shirin kai matarsa Rahama asibitin Gumel, ƙafafunta sun kumbura har ba ta iya sa takalmi, sai ga wani direba, Hamza, a kan babur. Babbar motarsa ta mutu a bayan gari, ɗauke da shanun wani makiyayi, Manu, za a kai su kasuwar Maigatari.

"Baba, taimaka ka zo ka duba mini."

"Ba zan iya barin iyali ba. Ɗauki janaretan, ka dawo da shi."

Bai ƙara kalma ko ɗaya ba, domin hankalinsa na kan Rahama. Sai da suna zaune a layin ganin likita abin ya faɗo masa: batir biyu ne a babbar mota, a haɗe, wutarsu ashirin da huɗu. Ya yi ta kiran Hamza, wayar ba ta shiga.

Bayan azahar ya iso wurin. Janareta na ta ruri, wayoyi manne da batir biyun a haɗe, Hamza na zaune a inuwar taya yana jira. Shanu kuwa a cunkushe cikin rana, bakinsu na kumfa, ga babu tudun da za a jingina a sauke su.

"Tun ɗazu ba abin da ya shiga," in ji Dogo. "Ƙaramar wuta ba ta turuwa cikin babba. Raba su ake yi, a yi wa kowanne daban."

"To ai ba ka faɗa mini ba, Baba."

Dogo ya durƙusa ya kwance wayar da ta haɗa batiran, ya fara da guda. Kafin ya koma kan na biyu, wani farin bijimi ya faɗi a cikin motar, sauran suka hau tattake shi. Manu ya haura da wuƙa ya yanka shi, ya sauko da jini har gwiwar hannu.

Mota ta tashi bayan la'asar, kasuwa ta riga ta watse. Da za su tafi, Manu ya ce, "Allah ya saka da alheri, Malam." Da zaginsa ya yi, da Dogo ya fi samun sauƙi.

Yanzu ba ya ba kowa aron janaretan sai in da shi za a je. Direbobi na cewa tsufa ya sa masa rowa. Rahama, wadda har yau ƙafar ba ta saɓe ba, ita kaɗai ya gaya wa dalili.