Na Je Da Nang Ganin Jikata, Na Tarar da Wata Kakar

Jidda

Ana kiran sallar farko muka fito daga gidanmu na Aziziyya. Maigida bai samu hutu ba, kafilinsa, Balaraben da yake aiki a ƙarƙashinsa, ya ce sai bayan aikin Hajji, don haka rakiya kawai ya yi mini zuwa filin jirgi. A akwatina akwai kuka da daddawa da garin dawa, a bakina kuma akwai saƙo: maigida ya samar wa autanmu Haruna aiki a wani babban kanti a unguwar Safa, ya ce in lallashe shi ya dawo gida.

Haruna dai kamfanin kifi ne ya tura shi Vietnam sayen jatan lande, sai ya zauna, ya auri Amina, 'yar wata ƙabilar Musulmi ta can da ake kira Cham. 'Yarsu shekararta huɗu, sunana aka sa mata, Zainabu, amma ban taɓa ɗaukar ta ba sai gani ta waya.

Ma'aikacin fasfo ya duba iƙamata, takardar izinin zama, da bizar fita da dawowa, ya ɗago kai. "Vietnam? Me za ki yi can, ya Hajja?"

Na ce, "Jikata zan gani."

Ya buga hatimi. "Yalla, Allah ya tsare."

Mun yi awa tara a sama kafin Kuala Lumpur, na kwana a wani masauki kusa da filin jirgin, da safe na hau ƙaramin jirgi zuwa Da Nang.

Da Nang

Haruna ya rungume ni yana "Yumma, Yumma", na ji ya yi ƙiba. Amina ta sunkuya ta sumbaci hannuna. A bayansu ga wata 'yar siririyar dattijuwa da farin mayafi, jikata na maƙale a wuyanta. Ita ce Maryam, uwar Amina, wadda ta baro garinsu na kudu ta tare a gidan tun haihuwar yarinyar. Na miƙa hannu biyu. Zainabu ta dube ni, ta cusa fuskarta a mayafin matar. Ashe ma ba Zainabu suke kiran ta ba, Bong suke ce mata, wai fure.

Garin a bakin teku yake kamar Jidda, da zafi mai ɗanko iri ɗaya, sai dai akwai kogi a tsakiyarsa da duwatsu masu kore a bayansa. Babura kuwa kamar an fasa gidan tururuwa. Direban tasin ya nuna bakin ruwa yana magana, Haruna ya fassara mini: nan sojojin Amurka suka sauka lokacin yaƙi, yanzu otal-otal ne. Ni ba tekun nake kallo ba, bakin ɗana nake kallo, yadda yaren mutanen nan yake fita daga ciki ba gargada.

A gida Maryam ta kawo wani abinci, mi kwang: taliyar shinkafa mai faɗi, rawaya da kurkum, da jatan lande da soyayyar gyaɗa da ganyaye ɗanye, romo kaɗan a ƙasa. Akwai kuma ruwan kifi da suke ɗigawa a komai, warinsa ya fi na daddawa. Haruna ya ci kwano biyu da 'yan sanduna, yana lumshe ido. Yaron da sai na bi shi da cokali a tsakar gida! Ya ce mata wani abu, ta yi dariya ta dafa kansa.

"Me ka ce mata?"

"Cewa na yi babu mai hannu irin nata, Yumma."

Abincin da daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Amma na ture kwanon na ce gajiya ce.

Washegari na karɓe kicin. Na tuƙa tuwon dawa, na kaɗa miyar kuka da naman sa na halal da Amina ta nemo. Haruna ya yi loma kaɗan ya wanke hannu, wai cikinsa ya saba da abu mara nauyi. Zainabu ta toshe hanci ta gudu. Maryam ce ta zauna ta cinye nata tas da hannu, ta miƙo kwano a ƙara mata. Da ta yatsina fuska ma da ya fi mini sauƙi.

Hoi An

Ranar Asabar muka ɗauki mota zuwa Hoi An, tsohon garin fatake, kilomita talatin kudu da Da Nang. Gidajen rawaya ne masu rufin katako, sai suka tuna mini da Balad, tsohuwar unguwar Jidda. Amina ke yi mini bayani da Larabcinta na makaranta. Ga gada mai rufi da 'yan kasuwar Japan suka gina. Ga zaurukan Sinawa, hayaƙin turare na tashi. Ga benayen Faransawa, waɗanda suka bar musu dogon burodin da ake sayarwa a kowace kusurwa. A wani tsohon gida an zana layuka a bango, alamar inda ambaliya ta kai a shekaru daban-daban, wani layin ya wuce kaina.

Duk yawon nan yarinyar na hannun Maryam. Na saya mata fitilar takarda ja, ta karɓa ta kai wa kakarta ta riƙe mata.

A wani lungu muka tsaya bakin wata rijiya mai kusurwa huɗu, gansakuka ta rufe duwatsunta. Amina ta ce kakanninsu Cham ne suka haƙa ta, tun kafin duk waɗancan baƙin su zo, lokacin da tashar jiragen tasu ce, Larabawa na tsayawa ɗibar ruwa. Har yau da ruwanta ake kwaɓa taliyar garin, kau lau. Ba mu ci ba, da naman alade suke yin ta.

Maryam ta leƙa rijiyar ta daɗe. Sannan ta juyo ta kama hannuna, ta yi magana a hankali. Amina ta fassara.

"Wai tana tambaya, kin zo ne ki tafi da mu? Ta ce ni kaɗai gare ta. Tun da aka ce za ki zo ba ta cin abincin kirki."

Na dubi matar. Ashe ni ma ana tsorona. Wallahi sai da na ji wani sanyi a raina, Allah ya yafe mini.

A bakin kogi na keɓe da Haruna na isar da saƙon ubansa. Ya saurara har na gama.

"Yumma, a Jidda aka haife ni, amma kullum ina sabunta iƙama kamar baƙon jiya. Nan ina da hannun jari a kamfanin. Ba zan dawo ba. Halas, magana ta ƙare."

"Saboda taliya?"

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Ya ce, "Kin san me Bong take kiran ki? Ba Noi. A yarensu kakar ciki ke nan, ta wajen uba. Maryam kuwa Ba Ngoai, kakar waje."

Na ce, "To, ta wajen ce ke goyo."

Komawa

Na ƙarasa kwanakina ina koya wa yarinyar "ina kwana" da "na gode". Ranar tafiya ta yarda na ɗauke ta a filin jirgi, ta taɓa zanen fuskata da yatsa, sannan ta miƙa hannu wajen Maryam. Na miƙa ta da kaina. Maryam ta rungume ni, ƙashinta kamar na tsuntsu, tana ta "shukran, shukran". Na san abin da take gode mini a kai, bar mata su da aka yi, kuma ba ni na ba ta ba.

Na sauka Jidda bayan la'asar. Maigida na jira a mota, ya ɗora akwatin, muna hawa titi ya tambaye ni.

"Yaushe zai zo?"

"Ba zai zo ba. Yana lafiya, ya yi ƙiba, ana kula da shi."

"Wa ke kula da shi?"

Na juya ina kallon taga har Aziziyya.

Alhamdu lillahi da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina godiya ga maigida da ya bar ni na je, da Amina da ta yi mini hidima ba ƙorafi. Maryam kuma, wadda ke tashi kullum ta yi wa jikata wanka ta ciyar da ɗana, Allah ya saka mata da alheri, ya ƙara mata lafiya. Wannan addu'ar kullum ina yin ta bayan sallah, ko da yake har yanzu da ƙyar take fita.