Malama Hikmat da Ɗigo Biyu

A unguwar Shubra, idan ka ga mai shago ya fito da sauri yana ƙoƙarin kare allon shagonsa da kafaɗa, to Malama Hikmat Abdulƙawi ce ta karyo kwana. Shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin gyaran rubutu na wata jarida a Alƙahira, tana farautar kuskure da jan biro, kuma har ta bar wurin ba ta koyi yadda ake rufe wannan idon idan an tashi daga aiki ba. Allon mai aski, katin gayyatar biki, rubutun bayan motar haya, duk sai ta tsaya ta karanta ta yi tsaki. Ana cewa ranar ɗaurin aurenta sai da ta aika wa malamin da ke cike takarda cewa ya sake duba layi na uku. Wanda ya san ta ba zai tsaya neman shaida ba.

Jaridar ta fara da rage shafuka, daga baya ta rufe ɗakin gyaran gaba ɗaya. An yi musu ɗan bikin sallama da shayi da kek, aka miƙa mata allon yabo mai kuskure biyu a jiki. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, sannan ta nuna wa shugaban inda suke.

Tun daga nan ta koma cin gashin kanta. Ta ja teburinta kusa da taga a gidanta da ke hawa na huɗu, ta jera ƙamus uku da kwalbar alƙaluma, ta ce duk mai rubutun da ke ciwo ya kawo. Shekarun farko kasuwa ta yi daɗi. Ɗaliban jami'a suna hawa matakala da kundin digirinsu, su sauka fuska a yamutse amma rubutu ya miƙe. Masu gidan abinci suna kawo jerin abincinsu, masu takara suna kawo alkawuransu. 'Yarta Rabab, wadda ke aure a garin Banha, ta buɗe mata shafi a waya don masu nema daga nesa, sai dai shafin bai yi albarka ba. Mutum zai rubuto yana tambayar farashi, Malama ta mayar masa da saƙonsa a gyare kafin ta ba shi amsa. Ba kowa ke dawowa ba.

Sai kuma na'urar nan ta shigo, wadda ake zuba mata rubutu a waya ta wanke shi tas kafin shayi ya huce. Ɗalibai suka ɗauke ƙafa. Malama Hikmat ta yi kwana uku tana ɗana wa na'urar tarko da jimloli masu ƙaya, tana jiran ta faɗi ta yi mata dariya. Sau biyu kacal ta kama ta. Wannan ya fi komai ƙona mata rai, domin da aikin banza take yi da an samu abin faɗi a wurin maƙwabta.

Rabab ta ga uwarta na zaune daga safe zuwa la'asar tana gyara jaridar jiya da ba wanda ya sa ta, ga gwiwa ta fara ƙin matakala. Ta matsa, ta yi kuka, ta sa mijinta ya sa baki, har suka yi yarjejeniya: idan Babbar Sallah ta wuce ba a samu aiki tsayayye ba, Malama za ta tattara ta koma Banha. An riga an share mata ɗaki. Ita kuwa ta san abin da Banha take nufi. A can ba wanda zai hawo matakala da takarda a hannu, ba wanda zai ce mata Malama. Kaka za ta zama, mai gadin tukunya da raba faɗan jikoki, kuma tana tsoron wannan fiye da yadda take tsoron ciwon gwiwa.

Saura mako uku Sallah, sai ga Zaghlul Bayyumi a bakin ƙofa yana haki, ƙanshin ruwan tsami na biye da shi.

Duk Shubra ta san gidan Alhaji Bayyumi mai turshi. Shekara hamsin gangunansa na lemun tsami da karas da barkono suna kwance cikin ruwan gishiri a kan titin, har ana kwatance da shagon. An kuma san cewa shekara goma sha ɗaya da suka wuce an ja bango a tsakiyar shagon, babban ɗa Zaghlul ya ɗauki dama, ƙaninsa Fikri ya ɗauki hagu, kuma tun ranar ko gaisuwar Juma'a ba ta haɗa su ba. A jana'izar uban ma kowa ya kafa rumfarsa daban.

Tsohon ya bar littafi guda da ya cika da hannunsa: awon gishiri, ranakun buɗe ganga, labarin ƙuruciya, da 'yar nasiha nan da can. Zaghlul yana so a buga shi a raba ranar cikarsa shekara da rasuwa. Matar Zaghlul ta riga ta ɗauki hoton shafukan, na'ura ta juya su zuwa bugaggen rubutu mai tsabta. Wuri ɗaya ne ya tsaya musu. A shafin da tsohon ya yi maganar bangon, ya rufe da cewa laifin duka yana kan, sai na'urar ta jera ɗigo uku alamar ba a ƙarasa ba.

"Malama, ke mai ilimi ce, ba sai na ja ki da nisa ba," in ji Zaghlul. "Tsoho kunya ce ta riƙe masa hannu, ɗa ɗa ne. Ya bar gurbi. Cike gurbi kuwa ai sana'arku ce."

"Da me zan cike, Alhaji?"

"Harafi huɗu ne kacal, ko tawada ba za su ci ba." Sunan Fikri kuwa a rubutun Larabci harafi huɗu ne.

Kafin ya tashi ya tuna mata, kamar abin ya faɗo masa ne kawai, cewa shi ne magatakardan ƙungiyar 'yan kasuwar titin. Shaguna ɗari da wani abu, kowanne da allo da takardun talla da wasiƙu zuwa hukuma, kuma sun daɗe suna neman hannu ɗaya da za su damƙa wa duka.

Ba a kwana biyu ba Fikri ya hawo, domin a Shubra magana ba ta buƙatar waya. Shi siriri ne, mai sanyin murya, ya zo da kwalbar lemun tsami a leda. Ya ce littafin na ubansu ne su biyu, ba za a buga ba sai da yardarsa. Ya ce shi ba mai son tone-tone ba ne, amma gaskiya harafi biyar ce, daidai haruffan sunan Zaghlul a Larabci. Ya kuma ambata cewa yanzu yana aika kwalabe ƙasashen waje, kowane wata da sabon rubutun da za a manna, kuma na'ura ta taɓa rubuta masa wani abu a kan barkono da ba zai iya maimaitawa a gaban mace ba.

Ga ƙoshi har biyu an ajiye mata a kan teburi. Ko wanne ta ɗauka, Banha ta sha ruwa. Kada a yi mata ƙaryar waliyyantaka: ta gwada sunayen biyu a bayan wata tsohuwar ambulan, ta ga duka sun zauna daram a jimlar.

Abu ɗaya ta nace a kai, wanda 'yan'uwan suka ɗauka rigimar tsufa ce. Ta ce ita ba ta gyara hoto, a kawo mata littafin da kansa. Aka kawo shi a naɗe cikin tawul, duk shafukansa sun yi taurin gishiri. Ta zauna da shi kwana shida. Shekarun da ta yi a jarida, kafin kowa ya samu na'urar bugawa, ta yi su ne tana karanta hannun 'yan jarida, mutanen da rubutunsu ko likita sai ya sara musu. Ta san kowane hannu da halinsa, kuma sai an yi zaman haƙuri da shi yake sakin jiki.

To, mu mutanen Masar muna da wata ɗabi'a da sauran Larabawa ke mana dariya a kai. Harafin Larabci da ake kira ya, idan ya zo a ƙarshen kalma, ba ma sa masa ɗigo biyunsa na ƙasa, ganin muke wahala ce. Saboda haka kalmar ala, wato a kan, da kalmar alayya, wato a kaina, hoto ɗaya ne a rubutunmu, mai karatu ne ke raba su da hankalinsa. Malama ta bi littafin tana tsince kalmar duk inda ta fito. Ta samu cewa idan tsohon yana nufin a kan wuta, a kan ganga, a kan titi, yakan saki wutsiyar harafin ta miƙe gaba wajen kalma ta gaba. Idan kuwa kansa yake nufi, kamar inda ya ce ciwon baya ya yi yawa a kaina, ko shayin baƙi a kaina, sai ya lanƙwaso wutsiyar ta dawo baya ta kwanta ƙarƙashin kalmar. Wuri tara ya yi haka, bai saɓa ko sau ɗaya ba. Ta buɗe shafin bangon. Wutsiyar ta lanƙwaso baya.

Ta daɗe tana kallon shafin. Daɗi ya kama ta irin wanda ta manta da shi, na maharbin da ya dawo da nama, sai kuma ta gane ba wanda ya yi odar wannan naman.

Ta aika musu cewa ba za ta faɗi sakamako ba sai a gaban su biyu. Aka yi ta ja-in-ja a kan wuri, a ƙarshe aka ajiye kujeru uku a kan titi daidai saitin bangon, tata a tsakiya. Kowannensu ya sa an kawo mata shayi daga ɓangarensa, ta ajiye kofuna biyun a ƙasa ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ta buɗe littafin, ta bi da su wurare taran nan ɗaya bayan ɗaya da bakin biro, kamar tana koyar da 'yan aji ɗaya. Sannan ta kai su shafin bangon, ta karanta musu yadda mai shi ya rubuta: na raba su don in huta da ƙararsu, da na zaunar da su na ji ta bakinsu da ba a kai nan ba, laifin duka yana kaina.

"Ba gurbi a nan," in ji ta. "Jimlar a cike take. Ɗigo biyu ne kawai bai sa ba, kamar kowa."

Zaghlul ya ja littafin gabansa ya ƙura wa wutsiyar ido, Fikri ya miƙo wuya ta kan kafaɗar Malama yana kallo, har kawunansu suka kusa haɗuwa.

"Baba bai taɓa cewa ya yi laifi ba," in ji Zaghlul. "Ko ranar da ya zuba sukari a gangar albasa, cewa ya yi buhun ne ya yi ƙarya."

"Har da ranar da ya mance Inna a tashar jirgin ƙasa," in ji Fikri.

Zaghlul ya share fuska da hannun riga, sannan ya tuna shi wane ne. Ya miƙe zaune ya ce wannan magana ba za ta shiga ɗab'i ba. A raba wa duk Shubra takarda cewa Alhaji Bayyumi ya yi kuskure, mutumin yana kabari ba ya iya kare kansa? Ai sai dai a fasa littafin.

"Gaskiyar Yaya ce," in ji Fikri. "Wannan maganar cikin gida ce."

Bai ma ji abin da ya fito daga bakinsa ba. Mai shayin da ke tsallake ya ji, mai gyaran takalmi ya ji, Malama Hikmat ma ta ji. Shekara goma sha ɗaya ba su haɗu a kan komai ba, yau sun haɗu a kan korarta. Suka yi mata godiya cikin ladabi, suka ce ilimi dai ilimi ne amma wani lokaci yana wuce gona da iri. Ba wanda ya sake ambatar ƙungiyar 'yan kasuwa ko kwalaben ƙasashen waje, domin ba mai son ya riƙa ganin matar da ta karanta cikin ubansa kowane wata. Da ta kai kwanar titin ta waiwaya, ta hango Fikri ya koma kan kujerarta, su biyun sun duƙufa a kan littafin suna gardamar wanda zai ajiye shi.

Ta hau matakalarta a hankali, tana hutawa a kowane hawa. Baƙin ciki take ji sosai, ba ta kuma ɓoye wa kanta ba: aikin da ya fi kowanne kyau a rayuwarta ta yi yau, shi ne kuma ya rufe mata ƙofa. Ta zauna a teburin, ta kira Banha, ta ce a turo mota ranar Asabar bayan Sallah.

Rabab ta yi wata biyu tana jiran wannan magana, amma da ta ji labarin duka sai murnar ta ƙi zuwa.

"Mama, da kin sa sunan kawai. Wa zai sani?"

"Ke Rabab, mutumin nan sai da ya shekara saba'in da shida kafin hannunsa ya iya rubuta kalmar nan. Ni ce zan goge masa?"

Malama ta ce a gaya wa direban ya zo da igiya mai ƙarfi, teburin za a fara saukarwa.