Ƙofar da Na Toshe

Shekara huɗu ina roƙon Inna ta bar gidanta na Kawaji ta dawo wurina, shekara huɗu tana ba ni amsa ɗaya: ita ba za ta iya hawa bene ba. Gaskiyarta ce kuwa, domin a lokacin a hawa na biyu muke zaune a Hotoro, gwiwoyinta kuma sun fara yi mata gardama. Tun rasuwar Baba ita kaɗai ce a sashenta, sai 'yan haya a ɗakunan waje. Ni ce 'yar fari, ƙannena biyu suna aure a nesa, namiji kuwa Allah bai ba ta ba. Kullum hankalina yana kan ranar da za ta zame a tsakar gida babu mai ɗaga ta.

Da maigidana ya sayi wani tsohon gida a Nasarawa, abin da na fara dubawa shi ne matakala. Babu ko ɗaya. Na ce to, hujjar Inna ta ƙare. Saura ta biyu, wadda ba ta taɓa furtawa ba amma kowa ya san ta, wato kunyar zama gidan suruki. A kan wannan kuwa, maigidan da kansa ya je ya durƙusa a gabanta, ya yi ta ba ta baki, har ta ce idan an gama gyara za ta zo ta gani. Gani kawai ta ce, ni kuwa kunnena zama ya ji.

Gidan irin ginin Turawan da ne. Bangonsa ya fi kamu guda kauri, silin yana can sama, ko ka hau tebur ba ka taɓa shi. Daɓen na jan siminti ne, mai sanyi ko da rana tsaka. A falo akwai murhun jin ɗumi har da bututun hayaƙi, a tsakar gida mangwaro uku da wata tsohuwar darbejiya. Amma fenti ya ɓare, gara ta ci ƙofofi, ƙadangaru sun mai da kicin fadarsu. Ni kuwa na yi wata uku ina tara hotunan gidajen mutane a waya, kuma ni mace ce da in na ƙulla abu a raina ba mai kwance shi. Maigidan ya san halina, shi ya sa tun ranar farko ya ce duk yadda na gani, ya tsere ofis abinsa.

Wanda bai tsere ba shi ne maginin da aka kawo mana, wani dattijo mutumin Jigawa, wanda ya ce tun yana saurayi yake gyaran gidajen unguwar. Ba ya magana sai ya gama tauna goronsa. Kusan kullum sai mun yi da shi. Na ce a rufe jan daɓen da tayil mai ƙyalli, ya ce daɓen ya girme ni kuma bai taɓa tsagewa ba. Na ce na ji, a rufe. Na ce a fasa murhun falo, ya ce gobe, goben da ba ta zo ba har aka yi fenti. Sai kuma wata ƙaramar ƙofa da ke jikin katangar baya, daura da barandar da ke manne da ɗakin da na ware wa Inna. Ƙyauren ya ruɓe, ana tokare shi da dutse. Na ce a toshe ta da bulo, ba na son ƙofar da ɓarawo zai gode mini.

Ya dubi ƙofar ya ce, “Hajiya, waɗanda suka zauna a gidan nan kafin ku ba su toshe ta ba, kuma su ma suna da abin sata.”

Na ce su suka sani. Ya ce to, ya ɗauko cokalin gininsa.

Allah Ya sani na zuba ƙauna a ɗakin Inna. Fenti ruwan madara, labule mai nauyi har ƙasa, gado mai tsayi da katifa kamar tudu, na'urar sanyaya ɗaki, banɗaki fari fat, da dogon kabad na katako a jikin bango. A falo na jera kujeru masu ruwan gwal, manya, irin waɗanda in ka zauna sai ka ji kamar a kawo maka ƙara ka yanke hukunci. Barandar baya kaɗai ta tsira da jan daɓenta, don tayil ya ƙare, ni kuma na ce ai sito za a mai da ita.

Ranar da Inna ta zo, da 'yar jaka ɗaya ta zo. Ta zaga ko'ina tana dafa bango, don tayil ɗin santsi yake mata. Ta sa albarka, ta ce ma sha Allah, gida ya yi kyau kamar banki. Sai ta shiga falo, ta dubi kujerun nan ɗaya bayan ɗaya, ta shimfiɗa ɗankwalinta a ƙasa ta zauna ta miƙe ƙafa.

To wa zai hau kujera Inna tana ƙasa? Ni ban isa ba, yarana ba su isa ba, maigidan kuwa daga bakin ƙofa yake tsugunnawa ya gaishe ta ya wuce. 'Yan'uwa da abokan arziki da suka yi ta zuwa yi mata barka da zuwa, har da wani babban alhaji abokin maigidan da babbar rigarsa, duk a kan tayil mai sanyi suka zube. Kujeruna suka zama abin jingina. Ina kawo lemo ina kallonsu a tsaye a bayan mutane kamar dogarai, takaici ya hana ni dariya. Gadon ma haka: washegari na tarar ta sa jikokinta sun sauko mata da katifar ƙasa. Na'urar sanyin kuwa ta ce a kashe, tana shiga mata ƙashi.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi damunta shi ne shirun unguwar. A Kawaji tun da sassafe ake buga mata ƙofa, wannan aron rariya, waccan ta kawo jariri a duba masa cibiya, mai ruwa yana kira, yara suna wucewa makarantar allo. A Nasarawa kuwa katanga ce ke kallon katanga, sai kukan kurciya da ƙarar get in mota za ta fita. Kwana uku da zuwanta ta tambaye ni a hankali ko rasuwa aka yi a maƙwabta. Na ce a'a, haka unguwar take. Ta ce ikon Allah.

A kwana na tara, bayan la'asar, ta ce mini ranar Juma'a za ta koma. Ta ga gida, ya yi kyau, Allah Ya sa alheri.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na manta da wa nake magana, na shiga lissafa mata abin da na yi: ga ɗaki, ga gado, ga banɗaki, me kuma ya rage? Na ce ko so take sai an kira ni an ce an tsince ta a ƙasa? Har kuka na yi, irin kukan haushi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kunyar ɗan fari, kuma ba ta saba duban idona ba. Ranar ma carbinta take kallo.

Ta ce, “Ke, ɗaki kin gyara, ban raina ba. Amma tun da na zo ba wanda ya yi mini sallama sai wanda ya zo a mota. In kuma ni zan fita, sai na ratsa ta gaban mijinki, an buɗe mini get kamar gwamna.”

Na tashi na bar ɗakin ina kumbure-kumbure.

Washegari da hantsi na neme ta a ɗaki ban gan ta ba. Sai na jiyo muryarta a barandar baya, tana magana da ƙarfi, har da dariya, dariyar da ban ji ba tun da ta zo. Na leƙa. Tana zaune a kan jan daɓen, tsakanin ragowar buhunan siminti da bokitan fenti, ta fuskanci katanga. Daga bayan sabon bulon da na sa aka toshe ƙofar da shi wata murya ke amsa mata, muryar mace mai harshen Katsinawa. Matar maigadin maƙwabtanmu ce, ɗanta ke haƙori yana ta kuka, Inna ta jiyo ta ɗaga murya ta tambayi lafiya. Tun kwana biyu, ashe, suke wannan hira, ba wadda ta taɓa ganin fuskar 'yar'uwarta.

Na tsaya a wurin kunya ta rufe ni. Ban taɓa tambayar abin da ke bayan katangar ba. Ashe wani siririn lungu ne da ya ratsa bayan gidajen layinmu, inda ɗakunan masu gadi da direbobi da masu dafa abinci suke, da matansu da 'ya'yansu. Unguwa guda ce a wurin, da hayaniyarta da komai, ni na sa bulo na raba mahaifiyata da ita.

A ranar na aika aka kira dattijon magini. Na yi tsammanin zai yi mini gori, sai ya yi abin da ya fi gori ciwo: ya gama tauna goronsa tsaf, ya ce dama bai cika simintin da yawa ba, don ya san za a neme shi. Kafin azahar bulon ya sauka. Maigidan ya ce a sa ƙyauren ƙarfe mai sakata, aka sa, aka miƙa wa Inna makulli ta ɗaure a bakin zaninta.

Daga nan gyara ya koma hannun mai ɗaki, tunda ita ta san inda yake mata yoyo. Na ajiye wayata da hotunanta, na zauna ina tambaya. Aka kwashe tarkacen baranda, aka wanke jan daɓen aka goge shi har ya fito da kyansa, na tsaya ina jin haushin wanda na binne a sauran ɗakunan. Magini ya gina mata dakali a jikin bango, ya sa ta zauna ta tashi sau uku yana gwada tsayinsa da gwiwarta. Ya sauko da famfo ƙasa ƙasa don alwala, ya yi wa wurin daɓe mai kaushi, ya kafa ƙarfen dafawa daga ƙofar ɗakinta har banɗaki. Aka girke randa a kan yashi a inuwar darbejiya. Labulen nan mai nauyi na cire shi na sa mara nauyi, iska ta samu hanya. A falo na kwashe rabin kujerun na tura ɗakin baƙin maigidan, can su yi ta sarautarsu, na shimfiɗa kafet mai laushi na zuba tum-tum. Murhun da magini ya ƙi fasawa kuwa, Inna ce ta gano amfaninsa: a ciki take ajiye kaskon turaren wuta, ƙamshi ya cika falo, hayaƙin ya bi bututu ya fita.

Juma'a ta zo ta wuce muna cikin wannan aiki. Ba ta tayar da zancen komawa ba, ni ma na kama bakina, don na san in na tambaya za ta ce ai gobe.

Barandar kuwa ta cika. Bakatsiniyar ce ta fara shigowa da ɗanta a goye, sai matar direban gidan gaba, sai wata tsohuwa mai sayar da daddawa. Nan ake kitso, nan ake tsinke zogale, nan ake kawo ƙarar miji Inna ta yi faɗa ta yi nasiha. Na dawo daga aiki na tarar da takalma jere a bakin ƙaramar ƙofa, yara suna rige-rigen tsintar mangwaro. Ni da na zo Nasarawa neman shiru, sai ga shi ina ajiye jaka ina zubewa a tabarma ana hirar da ni. Na yi farin ciki irin wanda ban yi ba ranar da aka gama fenti. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba, domin har lokacin Inna ba ta ce ta zauna ba, kuma in an tambaye ta cewa take ta zo kwana biyu.

Wata Asabar da safe, an fi wata guda da zuwanta, ta kira ni ta miƙo mini makullin ɗakinta na Kawaji. Ta ce a ƙarƙashin gado akwai akwatin ƙarfe, a can ƙasansa akwai wani ƙunshi a cikin farar leda, shi kaɗai zan ɗauko.

Ban tambaya ba, na san ko mene ne. Likkafaninta ne, wanda ta sayo a Makka shekarar da ta sauke farali, ta wanke shi da ruwan zamzam. Tun muna yara muka san ba a taɓa shi, kuma ba ya kwana a inda ba ta yi niyyar ƙarasa kwanakinta ba. Na ɗora shi a kujerar gaba na tuƙo mota, ina hawaye ina murmushi, har mai sayar da ruwa a bakin titi ya leƙo yana tambaya ko lafiya.

Na same ta a ɗaki, mata suna jiranta a baranda. Ta karɓa da bisimilla, ta shafa ledar, ta dubi dogon kabad ɗin da na yi mata, wanda tun zuwanta ba ta sa ko tsinke a ciki ba. Ta miƙo mini ƙunshin ba tare da ta dube ni ba.

Ta ce, “Sa shi can sama, inda hannuna ba ya kai. Ba sauri nake ba.”