Baba Ɗayyabu, wanda ya hana ni rusunawa in wuce

Ranar Juma'a, sha ɗaya ga watan Afrilu, ana tsaka da cin kasuwar Wudil, labari ya iso mana cewa Allah Ya karɓi ran Alhaji Ɗayyabu, tsohon kansilan mazaɓar Kausani, bayan jinyar da ya sha tun kafin azumi. Mu na Allah ne, kuma wurinSa kowa zai koma. An yi masa sutura bayan la'asar, a garin da bai taɓa yarda ya ƙaura daga cikinsa ba.

Baba, masu faɗin alherinka suna da yawa. Injin ban-ruwanka ya fi daɗewa a gonakin maƙwabta a kan taka. Rigimar iyakar gona kuwa, ko ta can garin Ɗankaza ce, a zaurenka take mutuwa. Ni Rahinatu, 'yar amininka marigayi Malam Hadi, nawa alherin daban ne, domin ranar da ka yi mini shi ban ɗauke shi alheri ba.

A shekarar da kake majalisa ne shugaban ƙaramar hukuma ya sa sunana cikin kansiloli masu gafaka, wato waɗanda ake naɗawa su riƙe sassa irin su noma da lafiya. Shi yake zaɓo mutum, amma sai zaɓaɓɓun kansiloli sun tantance shi sun amince kafin a rantsar da shi. Ni sashen lafiya aka nufa da ni, tunda aikin asibiti na yi. Kowa ya ce in kwantar da hankalina: mace ce ni, ga kuma darajar mahaifina, za a ce in rusuna in wuce ba tare da tambaya ba, kamar yadda ake karrama wasu. Na ji daɗin haka. Kasancewarka a zauren majalisar ya ƙara mini natsuwa.

Haka kuwa aka soma. Wani kansila ya kawo shawarar in rusuna in wuce, wani ya goya masa baya, har na gyara mayafi. Sai ka miƙe.

"Mai girma shugaba, ban amince ba. Lafiyar mutane za mu damƙa mata. A tambaye ta."

Ka dube ni kamar ba a gabanka na yi rarrafe ba. Ka tambaye ni yadda zan kai allurar rigakafi ƙauyen da ruwa ya yanke wa hanya da damina. Ka tambaye ni abin da zan yi da ma'aikacin da ba ya zuwa aiki, idan ɗan wanda ya tsaya mini ne. Da ka buɗe ƙofar, sauran ma suka shigo da nasu. Na amsa su ɗaya bayan ɗaya. Aka kaɗa ƙuri'a, aka tabbatar da ni.

Da yamma na same ka a gida, na gaishe ka sama-sama, na ce, "Baba, ko bare ba zai yi mini haka ba."

Ka yi dariyar nan taka mai ban haushi, ka ce, "'Yar nan, da kin rusuna kin wuce, kujerar aro ce, mai ita zai karɓi abarsa ran da ya so. Yanzu da bakinki kika same ta."

Ba a yi nisa ba maganarka ta fito. Na hukunta wani ma'aikaci, masu ɗaure masa gindi suka taso, suka shiga yawo da cewa alfarma ce ta kawo ni, a sauke ni. Da maganar ta je majalisa, kansilolin da suka tsare ni da tambayoyi su ne suka tsaya mini. Suka ce su suka tantance ni, kuma sun ji da kunnensu abin da na ce zan yi, shi na yi. Na ƙarasa wa'adina kaina a sama. Mutanen mazaɓar Sabon Gari sun ga haka, shi ya sa yau nake zaune a majalisar a matsayin kansilarsu.

To Baba, ga abin da ka bar mini. Kafin rasuwarka an aiko mana da sunan ɗanka Lukman domin ya riƙe sashen noma. A wurin zaman makoki har an fara raɗa mini cewa, don girmama ka, a bar shi ya rusuna ya wuce. Masu faɗin haka ƙauna ce ta sa su, amma ba su san ka ba. Na san za a ce ba ni da kara, wataƙila har a cikin gidanka. Na kuma san Lukman, na ga gonarsa, ba na jin tsoron abin da zai fito daga bakinsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Hajiya Indo, da 'ya'ya da jikoki, da jama'ar Kausani baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi. Allah Ya gafarta maka, Baba, Ya yalwata kabarinka, Ya tabbatar da harshenka a tambayar da babu mai rusunawa ya wuce ta, Ya sa Aljanna ce makomarka.

Kai kuma Lukman, ƙanena, ka share hawaye ka shirya. Ranar tantancewa ni zan miƙe.