Wata Biyar a Ɗakin Inna

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Da yawanku kun sha tambayata dalilin ɗingishina, ina kauda maganar. Yau zan faɗa.

A wani ƙauye kusa da Minjibir na tashi. Kafin a haife ni, tamowa ta kashe wa iyayena yaro ɗaya. Shi ya sa Inna ba ta iya ganin saura a kwanona. Fanke take soyawa na sayarwa, kaskon farko nawa ne. Baba yana da ɗan shago, ba a hana ni lemon kwalba da biskit. Mata su ce, "Tubarkalla, wannan ta samu kiwo."

Ina shekara goma sha biyu gwiwata ta hagu ta fara ciwo. Mai ɗori ya murza, ya ɗaure. Bayan sati uku na kasa taka ƙafar.

A wani asibiti a Kano aka ɗauki hoto. Likita ya ce ba gwiwa ba ce, kan ƙashin cinya ne ya zame a ƙugu.

Ya ce, "Nauyinta ya fi ƙarfin ƙashinta. Yanzu har daga ƙauyuka ana kawo mana irinta."

Inna ta ce, "Likita, ni fa abinci kawai na ba ta."

An yi aiki, an sa ƙarfe. Sai da Baba ya sayar da gyaɗar da ya ajiye ta iri.

Wahalar tana gida. Wata biyar ina ɗakin Inna, ko banɗaki sai an riƙe ni. Aka yi shuka, aka yi noma, har gero ya fitar da kai, duk ta taga na gani. Ina jin muryar ƙawayena suna wucewa Islamiyya.

Likita ya ce in ban rage ƙiba ba, ɗaya ƙugun ma zai zame. To ta yaya? Ba na motsi, kuma duk mai zuwa dubiya da lemo yake shigowa. In na ƙi ci, Inna ta yi kuka.

Wata rana ta kawo fanke da zafinsa. Na ce, "Inna, in na ci wannan, ɗaya ƙafar ma za ta tafi."

Ta ɗauke kwanon daga gabana. Sannan ta fita da shi. Washegari kwaɗon zogale ta kawo, ta zauna muka ci tare. Daga ranar ita ke tare 'yan dubiya a bakin ƙofa tana karɓe lemon.

Yau shekarata goma sha tara. Ɗingishin bai tafi ba, amma ƙugun dama ya tsira, kuma da ƙafata nake zuwa makaranta. Alhamdulillah. Allah ya saka wa iyayena da ma'aikatan da suka yi jinyata.

Iyaye, in yaro mai jiki ya ce gwiwa tana ciwo, yana ɗingishi, ku kai shi a duba ƙugunsa kafin a murza. Ku ba shi ruwa maimakon lemo, ku bar shi ya fita wasa. Kuma kar ku yi masa dariya. Ya riga ku sanin nauyin da yake ɗauke da shi.